Ganuwar waje ta fadar Stirling a Scotland, a tsaya ko a wuce?

Ummu_Hanan: Salam jama'a. Ranar Asabar zamu Stirling daga Glasgow da yara, lokacinmu kadan ne. Ganuwar wajen nan akwai abin gani ko mu wuce ciki kawai?

DanBirni: Wa'alaikumussalam Hajiya, don Allah kar ku wuce. Tsakanin 1708 da 1714 aka gina ta zamanin Sarauniya Anne, saboda tsoron 'yan Jacobite masu son dora James Stuart, dan sarkin da aka tumbuke, kan mulki, shi yasa katangar take da kauri sosai amma ba tsawo can ba, don ta jure harbin igwa. Ku leka ramin da aka haka gabanta, da dakunan da ke cikin jikin katangar inda sojoji ke fakewa. A 1746 'yan Jacobite sun zo sun kewaye fadar amma basu iya cinta ba.

Malam_Sule: Gaskiya ne. Kuma daga sama zaku hango hasumiyar tunawa da William Wallace, jarumin Scotland. Amma iska fa Hajiya, ku saka wa yara rigar sanyi, dutsen kasan yana santsi in anyi ruwa.

Ummu_Hanan: Nagode Malam. Daga tashar jirgin kasa zamu iya takawa?

DanBirni: Za ku iya, amma hawa ne sosai, da yara gara tasi.