Batirin wata bakwai: jabu ne ko me?

Baban Ummi, Pantami: Salamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Wata bakwai ke nan da na sayi sabon batirin mashin a wani shago. Yau da safe na danna sitata, sai ƙyas-ƙyas kawai nake ji, oda kamar kukan ɗan tsako, fitila ta koma ja. Da kiki na kai yara makaranta, gumi sharkaf. Batirin da ya zo da mashin ɗin shekara 3 ya yi mini. Na koma wa mai shagon ya ce babu garanti. Ni dai na faɗa, batiran kasuwa yanzu duk jabu ne, babu mai kai shekara.

Alhajin Kayan Gyara: Wa'alaikumussalam. Baban Ummi, Allah ya mayar da alheri, amma ka janye kalmar jabu. Jabu shi ne a buga sunan wani kamfani a kan abin da ba nasa ba. Mai araha daban, jabu daban. Idan aka ajiye maka iri uku ka ɗauki na ƙasa, kai ka zaɓa.

Ɗan Acaɓa, Tashar Dukku: Alhaji, a wurinmu duk abin da ya ci kuɗinka bai yi maka aiki ba, jabu ne. Ko daga ina ya fito.

Malam na Firamare: A'a ƙanena, Alhaji ya fi ka gaskiya a nan. Kuɗin jabu ai ba kuɗi ne marar ƙarko ba, kwaikwayo ne. Ka ce marar inganci.

Ɗan Acaɓa: Malam, nahawu zai tayar mini da mashin?

Alhajin Kayan Gyara: Ka ga irinta ko. Shekara da shekaru ina wannan sana'a, ban taɓa sayar wa mutum jabu ba, amma a zo a yi mana kuɗin goro.

Baban Ummi: Alhaji ni ban ambaci shagonka ba fa.

Mai Wayarin, Bolari: Yaya, kafin a yanke wa batir hukunci a sa masa mita. Batirin mashin bolt 12 ne. Idan lafiyayye ne kuma cike yake, mashin a kashe, zai nuna 12.6 ko sama kaɗan. Ka tayar ka ba shi wuta, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, mashin ɗin ne ba ya caji, a duba rektifaya da kwayil, na'urorin da ke yi wa batir caji. In ya haura 15 kuma, dafa batirin ake yi, ko na zinare ka saka zai ƙone. Jiya aka kawo mini wani, na cire murfin gefe sai ga kan batirin ya yi farin gari kamar an barbaɗa kanwa, noti ɗaya yana rawa. Na kankare, na ɗaure, ya tashi bugu ɗaya.

Ɗan Acaɓa: To ai ku masu gyara da masu shago bakinku ɗaya.

Mai Wayarin: Ni ba na sayar da batir. Ku ne kuke jona sifika da fitilu masu walƙiya da cajin waya uku a kan ɗan batiri ɗaya, sannan ku ce jabu.

Ɗan Acaɓa: Mu da muke kan hanya tun asuba batirinmu kullum a cike yake. Ka tambayi ma'aikatan da ke tafiya daga gida zuwa sakatariya su ajiye, mashin ya yi sati a zaure ba a tayar ba.

Malam na Firamare: Yanzu kuma kan ma'aikata aka dawo? Me muka yi?

Na Wunti, Bauchi: Ku Gombawa zafinku ne ke shanye ruwan batir. Nawa yana shekara ta 2, ko gezau.

Baban Ummi: Kai kuma wa ya sako ka? Kamar Bauchi a Jos take. Watan Maris da Afrilu duk rana ɗaya ke gasa mu.

Na Wunti: Ka zo Yelwa da yamma ka ji iska, sai ka ba da labari.

Ɗan Acaɓa: Iskar Yelwa ce ke yi maka caji?

Maman Sadik, Tunfure: Don Allah ku bar musun gari. Ni roba-roba gare ni, kikinsa wahala yake ba ni. Yaushe zan san lokacin canji ya yi, kada ya tsaya mini a hanyar Kumo?

Mai Wayarin: Hajiya, idan an yi wa batirin caji ya cika, ya kwana, da safe ya kasa juya sitata, ya gama. Haka in jikinsa ya kumbura ko yana yoyo, ranar ki cire shi. Batir mai ruwa a riƙa duba layin da ke jikinsa, a ƙara ruwan batir tatacce, ban da na famfo, ban da ƙarin asid. Da kulawa yakan yi shekara 2 zuwa 3. Safiyar hunturu ce ke fara tona asirin wanda ya tsufa.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka. Na karanta komai, ga abin da ya fito fili: babu wanda ya kawo hujjar jabu, kuma 'yan kasuwarmu mutanen kirki ne, ƙanin mahaifina ma wannan sana'ar yake yi, na san irin wahalar da suke sha kafin kaya su iso Gombe. Laifin na masu son araha ne da masu jone-jone. Baban Ummi ya ba Alhaji haƙuri a rufe maganar.

Baban Ummi: Ranka ya daɗe, ni da aka ci wa kuɗi ni zan ba da haƙuri? Ko sifika ɗaya babu a mashin ɗina. Mai Wayarin, kana shago bayan la'asar? Zan turo shi ka sa masa mitar a gabana, in ya nuna 14 zan dawo nan da hoton.