Ƙwayar matsi ta hana ɗaukar ciki tana sa ni ƙaiƙayi, in daina ne?

Mai tambaya, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan da aka yi mini tiyata na haihu, likita ya ce in huta shekara biyu. Bayan haihuwar fari na yi allurar wata uku, jini ya yi ta zuba har sallata ta rikice, uwar mijina ta yi ta magana, shi ya sa na ce ba ni ba duk maganin da ke taɓa al'ada. Yanzu wata ƙwaya nake matsawa kafin kwanciya, a kemis na saya, an rubuta nonoxynol-9 a kwalin. Sati biyu ke nan ina fama da ƙaiƙayi da zafin fitsari. Maigida ba ya son kwaroron roba. Ya zan yi?

Anti ungozoma, Samaru: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ajiye shi yau, ki je a duba fitsarinki. Sinadarin nan dangin sabulu ne, yana fasa fatar ƙwayoyin maniyyi su mutu, amma haka yake goge fatar cikin gaba, ya kuma kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke gadin wurin. Daga nan ciwon mafitsara ke samun ƙofa. Ga shi kuma bai da ƙarfi: cikin mata 100 da suka dogara da shi kaɗai, sama da 20 na ɗaukar ciki a shekara. Mace mai ɗinki a mahaifa ba ta caca da wannan lissafi. Sau nawa kike sawa a rana? Al'ada ta dawo? Kina da abokiyar zama? Ba ki faɗa ba.

Mai tambaya: Anti al'ada ta dawo tun wata biyar. Amma ni tsafta ce da ni, da an gama nake wanke ciki da ruwan ɗumi da bagaruwa, ban ga laifin ƙwayar ba.

Anti ungozoma: To ai kin wanke maganin ke nan. Sai an yi awa 6 kafin a wanke ciki, tsarki da wankan janaba kuwa waje ya wadatar. Bagaruwar ma ƙara busar da wurin take yi.

Malam mai harhaɗa magani, Sabon Gari: Hajiya ungozoma, ban ga dalilin yanke shi gaba ɗaya ba. Ba ya ɗauke da sinadarin da ke rikita al'ada, ba ya taɓa ruwan nono. Yawanci yadda ake sawa ne matsalar. A wanke hannu, a kwanta, a tura ƙwayar can kusa da bakin mahaifa, a jira minti 10 zuwa 15 ta narke. Ƙarfinta awa ɗaya ne, kuma kowace saduwa da sabuwar ƙwaya. Abin da ke ci mini rai, masu shaguna suna miƙa wa mata kwali ba bayani, wani ma rana ta gasa shi a kanta. Ta yi maganin ciwon, ta koma kai tare da kwaroron roba.

Maman 'yan biyu: Kwaroron da aka ce mijin ya ƙi? Mazan nan, mu ke shan wuƙa, su ko roba ta gagare su.

Anti ungozoma: Malam, ka tsallake babban abu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2002 cewa nonoxynol-9 ba ya kare mutum daga ƙanjamau ko ciwon sanyi. Gwajin da aka yi a Benin, Kwaddibuwa, Afirka ta Kudu da Tailan ya nuna masu sawa sau da yawa a rana sun fi kamuwa da ƙanjamau, saboda ƙananan raunukan da yake bari. A 2007 Amurka ta wajabta rubuta gargaɗin a kwali. Shi ya sa na tambayi zancen abokiyar zama: in ba a yi gwaji duka gidan ba, ban yarda da shi ba. Ƙanwata, ki je sashen tazarar haihuwa, a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Zariya, ki nemi robar mahaifa mai jan ƙarfe. Ba ruwanta da sinadarin allura, tana kai shekara 10, ranar da kika so a cire. Takan ƙara yawan jinin al'ada a watannin farko, wannan kam ki sani.

Mai tambaya: Ƙarin jini kuma Anti? Abin da na gudu ke nan. Mu biyu ne a gidan, amma zancen gwaji ba zan iya tayar da shi ba yanzu. Saura ƙwaya shida a kwalin, in na daina wankewar ba zan iya ƙarasa su ba?

Malam mai harhaɗa magani: Ba a kan ƙaiƙayi ba dai, Hajiya. Ki bari ya warke tukuna.

Anti ungozoma: Ko ya warke ban ce ki koma ba. In kika ji zazzaɓi ko ciwon kwiɓi, kar ki kwana a gida.