Neman kalma: jirgin da ke bin jirgin gwaji a sama

Mai Shirin Kimiyya: Salamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan naɗi shirin rediyo, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Shirin kan jirgin XB-1 ne na kamfanin Boom, wanda ya zarce saurin sauti ranar 28 ga Janairu 2025 a sararin hamadar Mojave ta Kalifoniya. Jirage biyu suka tashi tare da shi, Mirage F1 da T-38, suna lura da shi suna ɗaukar hoto. Turawa na ce wa irinsu "chase plane". Na rubuta jirgin kora, da na karanta a bayyane sai kunnena ya ƙi.

Tafinta: Wa alaikumus salam. Kora kam a'a, mai sauraro zai ɗauka faɗa ake. Jirgin rakiya.

Tsohon Makanike: Rakiya ta yi kusa, amma ku ji aikinsa tukuna. Matuƙin gwaji ba ya ganin cikin jirginsa ta ƙasa, ba ya ganin wutsiya. Na bayan ne zai matso ya leƙa, ya ce masa ta rediyo mai na yoyo, ko ƙafafun sauka sun fito, ko murfi ya ɓalle. Wani lokaci ana manna guntayen zare a fiffike, kyamara na ɗauka: inda zaren ya kwanta iska na bi lafiya, inda ya hau rawa ta rabu da fiffiken. Wajen sauka ma yakan riƙa faɗa masa tazarar da ta rage zuwa ƙasa. Ido ne aka ara masa. Jirgin sa ido na fi so.

Tafinta: Sa ido mun riga mun ba jiragen leƙen asiri a labarai, Malam.

Baban Zazzau: 'Yata, kalmar na nan a gida kuna ta kewaye. Zagi. Wanda ya taɓa kallon hawan salla ya ga zagage a gefen dokin sarki, idonsu na kan linzami da sirdi, in wani abu ya kwance su ne farkon gani. Jirgin zagi. Jam'i ma a shirye: zagagen jirage.

Mai Shirin Kimiyya: Ranka ya daɗe hoton ya yi kyau ƙwarai. Tsorona a ji shi kamar ashar.

Baban Zazzau: Wasalin wannan gajere ne, na ashar dogo. A rediyo za ki faɗa, ba a takarda ba. Bahaushen da ya kasa raba su ya koma wajen kakarsa.

Ɗan Damagaram: Baba, zagi gaba yake shiga, wannan kuwa yawanci baya da gefe yake. Kuma kullum in za a ƙirƙiri kalma sai a nufi fada. Makiyayi da manomi ba su da kalmomi ne?

Baban Zazzau: To kawo ta makiyayin mu ji. Ku da kuka cika Hausa da Faransanci.

Ɗan Damagaram: Ku ma "kyamara" daga rumbun kakanni kuka ɗebo ta? Aro aro ne, Baba. Abin da ke ɓata mana rai shi ne a yanke a Kano ko Zariya, mu a aiko mana.

Tafinta: Kyamara ta zauna, a bar ta. Mu koma kan jirgi, baiwar Allah na da aiki gobe.

Tsohon Makanike: Ko wacce za ki ɗauka, Malama, kada ta sa a zaci yawon shan iska ne. Ranar 8 ga Yuni 1966 an jera jirage kusa da babban jirgin gwaji XB-70 don a ɗauki hoto, jirgin F-104 da Joe Walker ke tuƙawa ya bugi wutsiyarsa. Walker ya rasu, haka Carl Cross da ke cikin babban jirgin. Kusancin da ke sa a ga yoyon mai, shi ne hatsarin. Abin da ya sa rakiya ta yi mini sanyi ke nan, kamar an raka baƙo bakin ƙofa.

Tafinta: Sai a ɗaure ta: jirgin rakiyar gwaji. Ya rabu da jiragen yaƙin da ke raka jirgin shugaban ƙasa. Ya kuma dace da tarihi, tun ranar 14 ga Oktoba 1947 da Bob Hoover a cikin jirgin P-80 ya bi Chuck Yeager sa'ad da jirgin gwajin Yeager, X-1, ya zarce saurin sauti.

Baban Zazzau: Kalma uku inda ɗaya ta isa. Haka muke binne namu da hannunmu.

Mai Shirin Kimiyya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan buɗe da jirgin rakiyar gwaji, in biyo da bayanin Malam na zaren fiffike. Baba, zan ce aikinsa kamar na zagi ne a gefen dokin sarki, in ga abin da masu sauraro za su aiko.

Baban Zazzau: Kwatance kika ba shi, ba suna ba. To, ki dai gajarta wasalin.

Ɗan Damagaram: Ni har yanzu ban ji an amsa tambayata ba.