Keken tura yara mai kujera biyu: in karɓa ko in ce a bar shi?

Maman Abba, ƙasar Gumel:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, amma tun kafin in fara, don girman Allah kada wanda ya buɗe mini babin kwanika. Na ji shi a bakin uwar mijina, na ji shi a wajen awo, har mai kai mana niƙa sai da ta tofa nata. Abin da Allah Ya yi ya riga ya yi.

Ɗana Abba shekararsa ɗaya da wata takwas, cikina kuma ya shiga wata bakwai. In Allah Ya sauke ni lafiya, haihuwar za ta faɗo cikin Afrilu, tsakiyar zafi. Ƙanwar maigidana da ke aure a Abuja ta turo mini hoton wani keken tura yara a WhatsApp, mai kujera biyu kafaɗa da kafaɗa, da 'yar rumfa a saman kowace kujera da kwandon zuba kaya a ƙasa. Ta ce shi ne gudummawarta ta suna, in dai na ce to, za ta sa a mota. Gaskiya ya burge ni, na daɗe ina kallon hoton.

To amma ga yadda zamana yake. Ina koyarwa a firamaren garin da ke gaba da mu, kuma ba kwalta ba burji, burtali ne tsakanin gonaki. Da rani yashi ne har ƙafa na nutsewa, da damina kuma akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya sai mutum ya tattare zani. Maigida yana ci-rani a Fatakwal, sai an kusa shuka yake dawowa. Inna, uwarsa, ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Za ta iya riƙe jariri a zaune, amma Abba kafin ta miƙe ya kai bakin rijiya. Shi kuma gogan tafiyarsa ta ganin dama ce, ya yi taku kaɗan ya zauna daɓas a ƙasa ya ɗago hannu. Tun da cikin nan ya tsufa na daina goya shi, a kafaɗa nake saɓa shi, bayana kuwa shi ya san abin da yake ji.

Idan hutun haihuwa ya ƙare dole in riƙa tafiya da su biyun, ga kuma zuwa rigakafi. Wadda ta taɓa amfani da irin keken nan a ƙauye, ba a birni ba, ta faɗa mini tsakani da Allah: yana tafiya a yashi? Kuma ina buƙatar mai kujera biyun ne, ko dai kwaɗayin ido ne kawai?

Hajiya Kaka:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya raba lafiya, Ya sa ki ga kanki da ƙafafunki. Ni tsohuwa ce, jikata ce take rubuta mini.

Goyo ai ba a gaji da shi ba. Jariri a baya, zani da majanyi, hannuwanki biyu a sake, babban kuma ki riƙe masa hannu. Masu tagwaye ma haka suka yi suka ga girman 'ya'yansu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ina mahaifiyarki? A zamaninmu yaron da aka yaye gidan kakarsa ake kai shi, ya yi watanni a can, ya manta da nono, uwar ma ta huta ta ji da cikinta. Ki kai Abba gidanku har ki gama wankan jego ki yi arba'in. Kafin ya dawo ya ƙara wayo, ƙafa ta yi ƙwari. In kuma hakan ba zai yiwu ba, ki nemi 'yar raino a cikin dangi ta riƙa bin ki da shi.

Kuɗin keken kuwa, ki ce wa ƙanwar mijin naki ta juya miki shi akuya mai ciki. A kai ki Maigatari ranar Alhamis ki zaɓa.

Bakaniken Keke:

Malama, ni ban san raino ba amma na san taya, sana'ata ce faci da gyaran keke da babur. Irin waɗannan kekunan sun sha zuwa rumfata, yawanci na gwanjo, don haka bari in faɗa miki abin da za ki duba a hoton da aka turo miki.

Ki duba tayoyin. In ƙananan nan ne na roba mai tauri, masu juyawa ko'ina a gaba, to an yi su ne don siminti da tayil. Suna shiga yashi sai su karkace su tokare, kina turawa suna tara ƙasa a gabansu. Ƙarshenta sai dai ki juya ki riƙa jan sa ta baya, da yara biyu a ciki. Wanda yake iya yashi shi ne mai manyan tayoyi da ake hura wa iska, galibi inci 12 a gaba, 16 ko 12 a baya, kuma tayar gaban tana da wajen kulle ta ta tsaya cak. Shi kuma matsalarsa ƙaya. Burtali ba ya rabuwa da tsidau, sai ki shirya wa faci. Sauƙin abin dai tub ɗinsa irin na keken yara ne, kowane mai faci zai iya.

Sai nauyi da faɗi. Mai kujera biyu shi kaɗai yakan kai kilo 12 zuwa 15, ki ɗora yaron da ya doshi shekara biyu, wajen kilo 11 ko 12, ga jariri ga jaka. Faɗinsa kuma wajen santimita 75 zuwa 80 ne. Kafin ki ce to, ki ari tef wajen tela ki auna ƙofar zaurenku da ta ɗakinki, ki kuma tuna da dokin ƙofa. Akwai wani samfurin da kujera ɗaya ke gaba ɗaya a baya, shi yana shiga ƙofa, amma dogo ne, juya shi a lungu aiki ne, ɗaga gabansa a haye kwata ma aiki ne. Babur ba zai ɗauke ki da ko ɗaya daga ciki ba. A adaidaita ko mota kuwa sai kin biya masa kuɗin mazauni.

Abu na ƙarshe, in kin samu kowane iri ne, kada a zuba masa baƙin mai a gaɓoɓin naɗewa. Man yana kama ƙura ya zama taɓo ya cinye wajen. Tsohon buroshi da tsumma sun isa.

Malamar Asibiti:

'Yar uwa, sannu da ɗawainiya. Ina aiki a ƙaramin asibiti, ɓangaren awo da rigakafi, bari in taɓa abin da ya shafe mu.

Zuwa rigakafin da kike tsoro bai kai yadda kike zato yawa ba. Akwai na lokacin haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sai a wata 6 a ba shi sinadarin bitamin A, wata 9 a yi masa ta ƙyanda da shawara, a maimaita ta ƙyandar a wata 15. A waɗannan ranakun za ki iya barin Abba wajen maƙwabciya na rabin yini. Ba a sayen keke saboda su. Zuwa makaranta kullum shi ne ainihin maganarki.

In har za a sa sabon jariri a keke, to sai wanda kujerarsa ke kwantawa shimfiɗe sosai. Kafin wata shida wuyansa bai tsaya ba, in aka jingina shi a zaune kansa yakan faɗo gaba, haɓa ta danne ƙirji, numfashi ya takura. Da yawa daga cikin masu arahar nan ba sa kwantawa, ki tambayi Antin taki wannan tukuna. Sannan abin da na fi gani a layin rigakafi, uwa ta lulluɓe yaro da tawul ko zani mai kauri wai don rana. A keke wannan ya fi haɗari, domin iska ba ta shiga, zafi yana taruwa a ciki fiye da na waje, ke kuma ba kya ganin fuskarsa. A Afrilu da Mayu nan yankin zafi yana haura digiri 40. Rumfar keken ta isa, a ƙara da raga irin ta gidan sauro, a kuma fita da sassafe.

Ba na yi miki fata ba, amma in haihuwa ta zo da aiki, wajen sati shida ba a so ki ɗaga abin da ya fi jaririnki nauyi. Abba ya shiga ciki, tura kaya a yashi ma ya shiga ciki. A nan ina bayan Hajiya, ki tanadi inda zai zauna tun yanzu. Kuma don Allah in za ku hau babur, kada a ɗora shi a kan tanki.

Ummu Hanan, Dutse:

Ni dai kar a kushe keken gaba ɗaya, ya yi mini rana. Tsakanin 'ya'yana wata ashirin ne, kuma na yi amfani da mai kujera biyu har na ba wa wata. Amma ni unguwarmu kwalta ce har bakin get, kuma muna da mota. Duk da haka bai wuce shekara guda ba babbar ta ƙi zama a ciki, ta ce ita ba jaririya ba ce. Wannan shi ne abin da masu saye ba sa lissafawa, amfanin kujera ta biyun gajere ne.

Da ni ce ke, mai kujera ɗaya zan nema, mai manyan tayoyin da bakanike ya faɗa, wanda kuma yake kwantawa. Da safe ki goya jariri, ki sa Abba a keke. Kina isa makaranta Abba ya sauka ya shiga cikin yara, ki kwantar da jaririn a ciki a gefen allo, ki saki raga. Kin samu gado kenan a aji, ba sai kin shimfiɗa shi a ƙasa ba. In ya yi wata shida zuwa sama sai su riƙa karɓa-karɓa, wanda ya gaji shi ne a keke.

Ki shirya wa kishi kuma. Ranar da Abba ya ga an kwantar da ƙaninsa a inda ya ɗauka nasa ne, za ki sha kallo. Ni tun kafin in haihu na riƙa sa 'yar tsana a ɗaya kujerar ina ce mata wajen bebi ne.

Maman Abba, ƙasar Gumel:

Kai, na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ban zaci zan samu amsa haka ba.

Hajiya, Allah Ya ƙara girma. Mahaifiyata tana nan da ranta a Hadeja, kuma ta riga ta ce a kawo mata shi, ni ce nake ta jan ƙafa don ban taɓa kwana ba shi ba. Da na karanta maganar Malama kan haihuwar aiki jikina ya yi sanyi, na kira ta, mun tsayar zai tafi in cikin ya shiga wata tara, ya zauna har in yi arba'in. Amma maganar 'yar raino, ki yi haƙuri Hajiya, ba zan iya ba. Duk yarinyar da za a ba ni 'yar aji uku ce ko huɗu. Ni ce nake shiga gida-gida ina roƙon iyaye su bar yaran nan su zo makaranta su daina talla da safe. Da wane ido zan kalle su in aka ga tawa 'yar rainon a bakin aji da goyo, sa'o'inta suna ciki suna karatu? Akuya kuwa kin sa ni dariya har Inna ta tambayi abin da ya faru, da na faɗa mata ta ce ai ke ce mai hankalin cikinmu.

Malam bakanike, na zuƙo hoton na duba. Ƙananan tayoyin nan ne, har guda takwas, bibbiyu a kowace kusurwa. Na kuma aiki yaro ya aro tef. Ƙofar zaurenmu santimita 72 ce, ta ɗakina ma ba ta kai haka ba, ga dokin ƙofa da aka ɗaga saboda ruwan damina. Ke nan kullum sai na sauke yara a waje, na naɗe shi, na shigo da shi a karkace, Abba kuma ya samu damar bin awaki. A'a.

Shawarar Ummu Hanan ce ta kwanta mini, musamman ta samun wajen kwantar da jariri a aji, domin ajinmu simintin ya farfashe, ga cinnaku. Da damina dai na san ko wane irin keke ne a gida zai zauna ranar da kwarin nan ya cika, amma lokacin maigida yana gari, babur ɗinsa zai kai mu.

Saura yadda zan gaya wa Anti ba tare da ta ji kamar na raina kyautarta ba. Mace ce mai kirki amma mai saurin ɗaukar abu a rai, kuma tun da ta yi aure rabonta da taka burtalin nan a ƙafa. Na yanke ba zan ce mata ba na so ba. Gobe a hanyar makaranta zan ɗauki hoton yashin da na ƙofar zaure da tef a jiki in tura mata, in ce Anti ga hanyar, ki zaɓa mana wanda zai iya da ita, mai kujera ɗaya ma ya wadatar. In ya so zaɓin ya zama nata.

Malam, tub mai inci 12 ɗin nan ana samunsa a Gumel, ko in ce ta haɗo da guda biyu da famfo tun daga can?

Bakaniken Keke:

Ana samu wajen masu kayan keke, amma ba kullum ba. Ta haɗo da su. Famfon kuma ta tabbatar bakinsa ya hau kan bawul ɗin kafin ta biya, don wasu tayoyin bawul ɗinsu a matse yake tsakanin ƙarafa.