Aiki a Ofishin Harkokin Ɗalibai: me sabon shiga zai fara koya?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Na gama bautar ƙasa, ina sha'awar aiki a ofishin harkokin ɗalibai, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ta jihar Sakkwato. Ta ina ake kamo bakin zaren?

Dattijon Rajista: Wa alaikumus salam ɗana. Ba a cika ɗaukar mutum don wannan ofishi kaɗai ba. Ma'aikacin gudanarwa a hannun Rajistara yake, yau ya tura ka harkokin ɗalibai, gobe ofishin jarrabawa ko wata tsangaya. Shugaban sashen harkokin ɗalibai kuwa, wato Din, galibi malami ne da shugaban jami'a ke naɗawa na wa'adi. Ka tanadi digirinka, takardar NYSC, ta haihuwa da ta ƙaramar hukuma. Sannan ka nemi littafin dokokin ɗalibai, ka san shi kamar yunwar cikinka.

Mai Jerin NYSC: Ƙanena, koyi Excel sosai, don a nan ake kuka. Kafin a tura ɗalibi bautar ƙasa, dole sunansa ya fito a jerin da majalisar malamai ta amince da shi, kuma ya dace da abin da ke wajen JAMB, harafi da harafi. Mu nan Sakkwato matsalar ta fi yawa: wannan takarda Muhammad, waccan Mohammed, ko a ɗaya an lika sunan gari irin Gwadabawa ko Tambuwal, a ɗayar babu. Kwamfuta kan juya rana da wata, 3/4 ya koma 4/3, ta kuma haɗiye sifilin farkon lamba in ba a saita layin a matsayin rubutu ba. Ranar haihuwa ba abin wasa ba ce, domin wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafe masa bautar ƙasa ake ba shi. Wanda ya sauya kwas bai gyara a JAMB ba, shi ma zai maƙale. Kafe jerin a allo tun da wuri, kowa ya duba nasa ya sa hannu. Kuskuren minti ɗaya kan zaunar da yaro wata da watanni a gida, iyayensa na tambaya kullum.

Hajiya Mai Hostel: Ɗana, kada ka taɓa raba gado daga kan takarda. Ka shiga ɗaki ɗaki da ƙafarka ka ƙirga gadajen da ke tsaye, ka murɗa famfo, ka kunna fanka. Sabbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe ake fara ba gado, masu buƙata ta musamman kuma a ba su ɗakin ƙasa, gadon ƙasa. Bayan mako biyu a sake zagayawa da katin shaida, don wasu na sayar da gadonsu, ɗakin mutum shida ya koma na goma sha biyu. Daga Maris zuwa Mayu kuwa ruwa ne aikinka. Zafin ya haura digiri 40, ga cunkoso, ga lokacin sanƙarau. In injin borehol ya tsaya kwana biyu ba tanka, ɗalibai za su fito zanga-zanga. Ka riƙe lambar mai tanka da ta asibitin makaranta a ka.

Sabon Shiga: Allah ya saka da alheri. To batun ladabtarwa fa?

Dattijon Rajista: Rubuta rahoto a ranar, da lokaci da sunayen shaidu. A gayyaci ɗalibi a rubuce, a faɗa masa abin da ake zarginsa, ya kare kansa gaban kwamiti. In aka tsallake wannan, kotu na iya rushe korar ko da laifin a fili yake. Kuma fayil ɗin yaro amana ne, ko ɗan garinku ya tambaya ba a buɗe masa.

Hajiya Mai Hostel: Ka ƙara da rancen NELFUND, wato rancen karatu na gwamnatin tarayya, da aka fara a 2024. Ɗalibai na yawan zuwa cewa shafin bai gane lambarsu ba, mafi yawa kuwa bayanan da makaranta ta ɗora ne ba su dace da NIN ɗinsu ba. Ka fara duba can kafin ka ce su dawo gobe.