Ina ɗan kifin nan mai ɗigon ja na rafukan Jos ya shiga?

Ɗan Gangare:
Salamu alaikum 'yan uwa. Muna yara, da damina ta ja baya sai mu gangara rafin Dilimi da tsohon ɗankwalin Inna, biyu su riƙe, ɗaya ya koro ruwa. Akwai wani ɗan kifi da bai wuce ɗan yatsa ba, shuɗi-shuɗi mai ɗigon ja, bakin wutsiyarsa ruwan ɗorawa. Jiya na kai yarana su gan shi, ko talibambam ba mu samu ba, sai leda da baƙin mai. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Wa ya gan shi kwanan nan?

Mai Lambu:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ɗaya ce, da hannunmu a ciki. Mu masu noman rani a gefen Farin Gada, in mun gama feshin kabeji da tumatir, a rafin muke wanke tankin feshi. Wata safiya na tarar da su birjik a bakin ruwa, ciki sama. Tun ranar na haƙa rami nesa da rafi, can nake zubarwa.

Malamar Kimiyya:
Allah ya saka, Malam. Wanda Ɗan Gangare ya siffanta, masana na kiransa Fundulopanchax gardneri. Ƙwansa na iya jure ƙafewar ruwa a cikin danshin laka har ruwa ya dawo, to in masu yashi suka kwashe gindin rafi, zuriyar baɗi suka loda a tifa. Kuma tsutsar sauro yake ci. Abin da ya fi ba ni takaici, masu kiwon kifin ado a Turai suna renon irin na Jos, har da sunan garinmu suke kiransa, ɗalibaina kuwa a waya na nuna musu shi.

Baba na Bukuru:
'Yata, ki ƙara da gamalin, maganin ƙwarin nan mai guba. Na ga an zuba shi a kududdufin da masu haƙar kuza suka bari don kama tarwaɗa, babba da ƙarami suka taso. Yanzu kuma gidan sauro ake ja, ba ya barin ko ɗan tsako.

Ɗan Rikkos:
Baba, har yanzu akwai sauran kifin. Watan jiya na ga wajen guda 10 a wata 'yar ƙorama a gindin duwatsun Shere, inda ciyawa ta rufe ruwan. Ba zan faɗi wurin a nan ba. Malama, in za ki kawo ɗalibai zan raka ku, amma kada kowa ya zo da kwalba.