Ta ina za a fara sauraron Boris? Abin da aka tattauna a taƙaice

Maganar da masoya suka yi kan faifan da ya kamata a fara ji na Boris, ƙungiyar kiɗan rock ta Japan, ta yi tsawo, shi ya sa na tattaro ta wuri guda.

1. Kusan kowa ya yarda sabon shiga ya fara da faifan Pink na 2005. Waƙar Farewell tana tafiya a hankali kamar hadari na haɗuwa, yawancin sauran kuma gudu ne babu birki.

2. A kula da sunan Heavy Rocks, domin faifai uku ne suke ɗauke da shi: na 2002 mai bango ruwan lemo, na 2011 mai shunayya, da na 2022 mai zanen fatar damisa. A nan aka rabu. Tsofaffin masoya sun dage kan na 2002, wai a nan gitar Wata, mai kaɗa wa ƙungiyar gita, ta fi kauri da ƙura. Wasu suka ce na 2022 ya fi tsabtar sauti, ya dace da cikar ƙungiyar shekara 30 tun kafuwarta a Tokyo a 1992. Ni dai na 2002 nake bi.

3. Kada a fara da Absolutego na 1996. Waƙa ɗaya ce tal, kusan awa guda ta gurnani. Wani ya ce maƙwabcinsa ya ɗauka janareta ne ya lalace.

4. Lasifikar waya tana cinye kaurin gitar nan mai wuya biyu ta Takeshi, wani ɗan ƙungiyar, a nemi abin saka wa kunne mai kyau. Kan ƙure murya kuwa ba a daidaita ba: wasu na ganin haka kiɗan yake so, wasu na tsoron kunnuwansu.